Hazon rana ya tare masu farautar ɓoyayyen abu

Masana ilimin taurari sun lissafta cewa abin da ake iya gani a sararin samaniya, watau taurari da duniyoyi da ƙura, bai wuce kashi 15 bisa 100 na nauyin abin da ke cikinsa ba. Sauran ba ya ba da haske, ba ya yin inuwa. Ta jan da yake yi wa taurari kaɗai aka san da shi. Shi ake kira ɓoyayyen abu.

Domin kama ƙwayarsa, an girka manyan tukwane na ruwan zenon a ƙarƙashin ƙasa, inda duwatsu ke tare tartsatsin da ke zubowa daga sama. Akwai XENONnT a Giran Saso ta Italiya, da PandaX-4T a Jinfin ta ƙasar Sin, da LZ mai tan 10 na zenon a tsohon ramin zinariya na Homestake a Amurka. Idan ƙwaya ta bugi cibiyar atom ɗin zenon, sai wani ɗan haske ya gilma, na'ura ta rubuta.

Sai dai akwai baƙon da dutse ba ya tarewa, shi ne nutirino. Rana ce ke fesa shi, har kimanin miliyan dubu 65 suna ratsa fili kamar faɗin farcen yatsa a kowace daƙiƙa, dare da rana. A ramin Homestake ɗin nan ne Raymond Davis ya fara ƙidaya nutirinon rana, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 2002.

Ga inda gizo ke saƙa: idan nutirino mai ƙarfi ya bugi zenon, alamar da yake bari kusan daidai take da ta ƙwayar ɓoyayyen abu mai nauyin furoton shida. A 2024 XENONnT da PandaX-4T suka ba da sanarwar alamun farko na irin wannan bugu. Masana suna ce masa hazon nutirino, domin kamar hazon hunturu yake: ba ya toshe hanya, amma yana rage gani. A cikinsa ƙara girman tukunya ba ya biyan wahala kamar da.

Dabarar da ake nazari ita ce na'urar da za ta gane ta inda bugu ya fito. Nutirinon rana daga wajen rana yake zuwa, shi kuwa ɓoyayyen abu ana sa ran ya fi kwararowa daga ɓangaren taurarin Siginus, inda rana ta dosa a tafiyarta. Ranar da aka iya rarrabe sawun biyu, farautar za ta ci gaba ko da hazon bai washe ba.