Murhun Gas A Tsohuwar Madafa: A Bar Wa Iska Hanya

'Yan'uwa, a 'yan shekarun nan tukunyar gas ta fara shiga wasu gidaje a Kaoje, Tsamiya, Lolo da sauran garuruwan ƙasar Bagudo. Da yake idonmu ba ya ganin hayaƙinta, sai wasu su toshe tagar madafa da tsumma, wasu ma su kai murhun ɗakin kwana idan hunturu ya tsananta a Disamba da Janairu. Wannan babban haɗari ne.

Kowace wuta, ta itace ko gawayi ko gas, tana cin iska. Idan iskar ba ta ishe ta ba, sai ta riƙa fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da wani abu. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala ba tare da zazzaɓi ba, kuma sukan kama mutanen ɗaki gaba ɗaya. Mai barci yana iya wucewa bai farka ba.

A Turai, kafin a haɗa murhun gas da tsohon bututun hayaƙi na bulo, sai gwani ya duba shi, ya share, sau da yawa ya zura bututun ƙarfe a ciki. Mu ma tsohuwar madafarmu tana buƙatar dubawa:

1. A share kafar hayaƙi ta sama. Kunkunniya, yanar gizo da gidan zanzaro sukan toshe ta. A kunna ɗan tsumma kafin a kawo gas, a ga ko hayaƙin yana fita.

2. A bar wata kafa a ƙasa kusa da daɓe. Ta nan sabuwar iska take shiga. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo a ƙasa yake kwanciya.

3. A lura da harshen wuta. Shuɗi shi ne lafiya. Idan ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta tukunya, a kashe a kai wa mai gyara.

4. A gwada tiyo da ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, nan ne yoyo. Kada a gwada da ashana.

Haka kuma kaskon garwashi da janareta, kada su kwana a ɗakin da aka rufe.

Idan wani ya jigata, a buɗe ƙofa, a fitar da shi sarari, a kai shi asibiti nan da nan ko da ya farfaɗo. A gaya wa ma'aikacin lafiya cewa akwai wuta a ɗakin, don kada a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa tun sanyi bai kankama ba.