Nakasassun da masu binciken tsangwama ba sa kaiwa gare su

Idan masanin halayyar ɗan Adam zai binciki ƙyamar da ake nuna wa nakasassu a Kano ko Zariya, yakan bi ta hannun Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu, ko ya tura tambayoyi ta WhatsApp. Masu amsawa su ne waɗanda dama suke shiga jama'a.

Yarinyar da iyayenta suka ɓoye a ƙuryar ɗaki don gudun surutun maƙwabta ba ta cikin ƙungiya, ba ta da waya. Kurma kuwa, in babu tafintan maganar hannu, da ƙyar a ji ta bakinsa.

Sai sakamakon ya fito da sauƙi fiye da yadda abin yake, alhali irinsa ake dubawa wajen auna tasirin dokar hana wariya da Buhari ya sa wa hannu a 2019.