Wane suna za mu ba «acupuncture» da Hausa? Nazari a kan kalmomin neman haihuwa a yankin Maraɗi

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu duba matsalar fassara kalmomi biyu na Faransanci, wato «acupuncture» da «complémentaire», idan ana magana da masu neman haihuwa a Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa. Ra'ayinmu shi ne sunan da aka ba wani aikin lafiya yana ɗauke da alkawali, saboda haka bai kamata mai fassara ya yi alkawalin da binciken likitoci bai yi ba.

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7,6 a matsakaici, a jihar Maraɗi kuwa 8,4. A inda haihuwa take da yawa haka, wadda ba ta samu ba ita ce ke shan gori, kishiya ko saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da rashin haihuwa a rayuwarsa, ma'ana wata 12 na saduwa ba tare da ciki ba.

2. Aikin da asalin sunansa

Aikin shi ne soka siraran allurai a wasu wurare na jiki, a bar su ɗan lokaci, sa'annan a zare. Ba a ɗura kome. Asalinsa ƙasar Sin ne, kuma tsarin sunayen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1991 ya lissafa wurare 361. Kalmar Faransanci ta fito daga Latin: «acus», allura, da «punctura», suka. Sinawa suna cewa «zhenjiu», haɗin kalmomi biyu: «zhen», allura, da «jiu», ƙona wani ganye kusa da fata. Ke nan a harsunan nan suna yana faɗin abin da hannu ke yi ne kawai, bai ambaci waraka ba.

A Nijar aikin ya zo ne tare da ayarin likitocin Sin na lardin Guangxi, waɗanda suka fara zuwa a 1976, shekara 2 bayan ƙulla hulɗa tsakanin ƙasashen biyu, kuma Maraɗi tana cikin garuruwan da suka yi aiki.

3. Abin da bincike ya nuna

Mafi yawan binciken an yi shi ne a kan mata masu yin FIV, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki, sa'annan a mayar da ɗan tayi cikin mahaifa. A 2002, Paulus da abokan aikinsa a Jamus sun buga sakamakon mata 160: cikin waɗanda aka soka wa allurai kafin mayar da tayin da kuma bayansa, kashi 42,5 cikin 100 sun sami ciki; cikin sauran, kashi 26,3. Daga nan ne aikin ya yi suna a cibiyoyin haihuwa. Sai dai rukuni na biyu ba a yi musu kome ba, don haka ba a iya rarrabe tasirin allurar da tasirin kulawar da aka nuna wa mace.

A 2018, Smith da abokan aikinta sun buga wani bincike na mata 848 a Ostiraliya da Niyu Zilan. A nan rukuni na biyu an yi musu aikin kwaikwayo, da allurar da ba ta huda fata, a wuraren da ba su ne na ainihi ba. An kuma ƙirga jariran da aka haifa da rai: kashi 18,3 a rukunin farko, 17,8 a na biyu. Wannan bambanci bai wuce abin da sa'a ke iya kawowa ba. Abin da ya rage wa aikin shi ne natsuwar da wasu mata suke cewa suna samu a lokacin jira.

Matar Jiratawa kuwa matsalarta tana gaban wannan mataki. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 1985 ya sami toshewar hanyoyin ƙwai duka biyu a kusan rabin matan Afirka da suka zo neman haihuwa, galibi sanadin ciwon sanyi ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Allura a fata ba ta buɗe hanyar da ta toshe, kuma kowace shekarar da ta wuce ba a yi awo ba tana rage damar mace.

4. Kalmomin da ke akwai

Yanzu bari mu auna kalmomin da mai fassara zai iya ɗauka.

(1) An yi mata allura.
(2) An yi mata tsaga.
(3) An yi mata sakiya.
(4) An kafa mata allurai.

A misali na (1), Bahaushe yana jin cewa an ɗura ruwan magani cikin jiki, kuma sanannen abu ne yadda ake fifita allura a kan ƙwaya. Wanda ya ce «allurar haihuwa» ya sa aikin a sahun magani mafi ƙarfi. Bugu da ƙari, kunne ya saba da «allurar tsarin iyali», don haka wata za ta ɗauka wannan kishiyarta ce, mai aiki tabbas kamar ita.

Misalai na (2) da (3) daga sana'ar wanzamai suke. Tsaga da ƙaho don fitar da mataccen jini ne, sakiya kuwa huda kumburi ce da ƙarfe mai zafi don mugunya ta fita. Duka suna nufin an cire wani mugun abu, alhali a aikin da muke magana ba abin da ke fita. Akwai kuma wani hatsari: kalmomin yanka da tsagawa suna kusantar da hankali ga yankan gishiri, wanda ake yi wa wasu mata har da sunan neman haihuwa, kuma yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari. Cibiyar gyaran wannan lalura da aka buɗe a Danja a 2012, kudu da Maraɗi, tana tunatar da mu tsadar irin wannan rauni.

Misali na (4) ya dace da abin da ido ke gani, domin allurai suna tsaye a fata. Amma sunan aikin da ke fitowa daga wannan tushe shi ne «kafi», kuma kafi tsari ne da ake binnewa a gida ko gari. A yankin da bori yake da tsohon matsayi, inda Inna a Tsibiri da Iya a Maraɗi suke shugabantarsa bisa al'ada, kamar yadda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta bayyana a littafinta na 1972, kalmar za ta mai da aikin asiri a kunnen wasu, wasu kuma su guje shi saboda addini.

Saboda haka muna ba da shawarar «sukar busasshiyar allura», a taƙaice «busasshiyar allura». Siffar «busasshiya» ita ce ke soke ma'anar ɗura ruwa.

5. «Complémentaire» da «alternatif»

Faransanci yana rarrabe abin da ke tafiya tare da magani da abin da ke maye gurbinsa. Na biyu ba wuya: «madadi». Na farko ne ke da tarko. «Ƙarin magani» yana nuna sa'a ta ƙaru, abin da lambobin 2018 ba su nuna ba. «Cikon magani» yana nuna aikin likita bai cika ba sai da shi. Mun fi son «ƴar rakiya», a haɗe da «kulawa», domin ɗan rakiya yana ɗebe kewa a hanya, amma ba shi ke kai matafiyi inda za shi ba. Mun kauce wa kalmar «magani» da gangan, tun da a Hausa maganin abu shi ne abin da ke kashe shi, kamar a «maganin ƙishirwa».

Jumlar da ungozoma ko mai fassara za ta iya faɗa ita ce:

(5) Busasshiyar allura kulawa ce ƴar rakiya. Tana iya kwantar miki da hankali, ba ta ba da ciki. Ki fara da awo, ke da maigidanki.

Ƙarshen jumlar yana da dalili. «Juya» mace ce ko saniya, matsalar namiji kuwa an fi kiranta «rashin ƙarfi», wanda ke nufin saduwa, ba ingancin maniyyi ba. Ta haka namiji mai ƙarfin saduwa yakan fita daga zargi, ko da yake awon maniyyi yana cikin mafi sauƙin gwaje-gwaje.

6. Kammalawa

Mun ga cewa «allura», «tsaga», «sakiya» da «kafi» kowace tana jawo ma'anar da ba ta cikin aikin, kuma «ƙari» da «ciko» suna zarce sakamakon bincike. Shawarwarinmu biyu suna bukatar gwaji a bakin masu harshen. Muna kira ga ɗalibanmu, tare da na sashen kiwon lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, su karanta jumla ta (5) ga mata da maza a Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa, su tambaye su abin da suka fahimta, su rubuta amsoshin yadda aka faɗe su.