Fitilar Jamestown, wadda ta ga shigowar atamfar kakanninmu

Ƴan uwa mata, da yawa cikinmu nan Dogon Dutsi da Tibiri mun ji labarin mazan da ke zuwa cin rani Gwalkwas, wato Gana ta yau, su komo da atamfa. To, wani ɓangare na kayan nan ta bakin tekun Akara ya shigo, ƙarƙashin wata doguwar hasumiya mai fitila a unguwar Jamestown.

Turawan Ingila suka fara gina ta a 1871, kusa da tsohuwar ganuwar James Fort. Wadda ke tsaye yanzu an gina ta a shekarun 1930, tsawonta metir 28, an shafe ta da ja da fari. Aikinta shi ne nuna wa jiragen ruwa gaɓa cikin dare, ana hango haskenta daga nisan kilometir kusan 30.

A wancan zamani babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓar Akara. Can cikin ruwa yake tsayawa, ƴan kwale-kwale su je su kwaso kaya cikin igiyar ruwa, wani ƙunshin ya jiƙe, wani ya nutse. Sai da aka buɗe tashar Tema a 1962 wannan wahala ta ƙare, cinikin jirage kuma ya bar Jamestown.

Yau masunta ne ke riƙe da unguwar. In kika hau matakala har sama, za ki ga kwale-kwale jere, da hayaƙin matan da ke bandar kifi. Su ma suna adashe kamar mu, can "susu" suke ce masa. Jiragen Turawa sun tafi, amma sana'ar matan nan da ɗan abin da suke tarawa na nan na ciyar da gidaje.

Wadda duk ta je Akara sarin kaya, daga kasuwar Makola wurin ba nisa. Ki je da safe, ki yi ciniki da ɗan rakiya tun kafin hawa, kuma ki nemi izini kafin ki ɗauki hoton kowa. Kuɗin yawon nan kuwa daga aljihunki za su fito, don bashin asusu na sari ne, ranar zubi kuma ƙungiya na jiran ki.