Dawanau, Inda Buhun Wake Ke Jingine da Buhun Gero

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya kama hanyar Katsina, kafin ya yi nisa zai tarar da layin tireloli da ƙurar hatsi, ya san ya iso Dawanau. An kafa kasuwar a 1985, yau kuma ana lissafa ta a kan gaba cikin kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. 'Yan dako na ta jidar buhuna, dillalai na sasanta ciniki, mata na zaune suna bakace da tsince tsakuwa, motoci na lodin kaya zuwa Legas da Nijar da Chadi da Kamaru. Akwai gero da dawa da masara, akwai wake fari da ja, ga gyaɗa da riɗi da waken suya. Mai saye yakan dubi farashin kwano kawai. Amma a ganina abin da ya fi kuɗin da ke juyawa a nan muhimmanci shi ne wannan maƙwabtaka ta hatsi da wake, domin a cikinta maganin tamowar da ke tsumbure yaranmu yake.

Furotin, wato abincin gina jiki, haɗi ne na ƙananan tubala da masana ke kira amino asid. Guda 20 jikin mutum yake aiki da su wajen gina tsoka, warkar da rauni, da haɗa garkuwar da ke yaƙar cuta. Jiki na iya ƙera 11 da kansa, sauran 9 kuwa sai ta baki za su shiga. Gero da dawa da masara suna da ƙarancin ɗaya daga cikin taran nan, laisin, kuma idan tubali ɗaya ya gaza, gini yakan tsaya ko da sauran sun yi yawa. Shi ya sa yaron da ba ya samun komai sai koko da tuwo zai iya ƙoshi amma bai girma ba. Wake yana da laisin sosai, nasa giɓin a metiyonin yake, wanda hatsi ke da shi. Iyayenmu mata ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun haɗa ƙosai da koko, shinkafa da wake, fura da nono, sun jefa daddawa a miya. Awara, wadda ta zo daga baya, ta ma fi su, don waken suya na ɗauke da dukkan taran kusan yadda ake buƙata.

Wani zai ce ai nama da ƙwai da kifi sun fi. Gaskiya ne, furotin ɗinsu cikakke ne, jiki ya fi saurin karɓarsa, kuma suna da bitamin B12 da babu shi a wake. Wanda ke da hali kada ya hana ɗansa ƙwai. Sai dai magidanci mai baki goma a gida ba kullum yake iya zuwa wurin mahauci ba, alhali kwanon wake zai zagaya kowa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Abin takaici ne a ce a ƙasar da ta fi kowa wake ake kwantar da yara a asibiti saboda tamowa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na guba, kuma bai kamata a kare kasuwa a kansa ba. Wake ba ya jure ajiya, ƙwari na huda shi cikin 'yan watanni, wasu masu ajiya kuma sukan zuba masa maganin ƙwari fiye da kima. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa. Abin da Bature ya ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Ga shi kuwa mafita na nan: buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba.

Ya ku shugabannin kasuwa da masu rumbuna a Dawanau, ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke zuba wa wake, ku rungumi buhun da ba ya buƙatar magani. Ke kuma uwargida, idan an auno gero na kunun yara, ki sa a haɗo da waken suya da gyaɗa, a soya a niƙa tare.