Sharuɗɗan Darasin Ƙididdiga da Amfaninsu a Masana'antun Kano

Ilimin ƙididdiga shi ne tattara alƙaluma da tsara su, sa'an nan a yanke hukunci da su. Ɗalibin da ya soma wannan darasi a Jami'ar Bayero, ko wata jami'a, abu uku ake bukata daga gare shi: halartar lacca, da yin aikin gida da kansa, da rubuta abin da ya ƙirga ba ƙari ba ragi.

Hikimar waɗannan sharuɗɗa tana fitowa fili a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda ɗalibai kan je koyon aiki ƙarƙashin shirin SIWES, wanda aka kafa a 1973. A ɗauki majemar fata a Challawa. Idan an jeme fata 1,000, ba lalle a duba kowacce ba. Sai a zari 50 ba tare da zaɓe ba. In an sami 3 masu aibi, watau kashi 6 cikin ɗari, sai a ƙiyasta cewa kimanin 60 ne suka lalace.

To, ɗalibin da bai halarci laccar ɗibar samfuri ba, na saman tuli kawai zai ɗiba, ƙiyasinsa ya karkace. Wanda ya saba kwafar aikin abokinsa kuwa, a majema ba shi da wanda zai kwafa. Wanda ya rage alƙalami ɗaya don ya faranta wa manaja rai, shi zai jawo mai saye ya dawo da kaya, asarar ta faɗa kan kamfani da albashin leburori.