Janet Rowley da Guntun Kuromozom Ɗin da Aka Ce Ya Ɓata

A shekarar 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka ga wani abu a jinin masu fama da wani nau'in sankarar ɓargo mai cin mutum a hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CML. A cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai wasu 'yan zarurruka guda 46, bibbiyu har kashi 23, ana ce musu kuromozom, kuma a jikinsu ne duk abin da mutum ya gado daga uwa da uba yake. Su waɗannan marasa lafiya, ɗaya daga cikin ƙananan kuromozom ɗinsu ya gajarce ƙwarai. Aka raɗa masa sunan garin, kuromozom ɗin Filadelfiya, aka kuma yanke hukunci cewa wani guntu ne ya gutsure ya ɓata. A haka magana ta zauna shekara goma sha biyu.

Wadda ta gano inda guntun ya shiga ba ta cikin manyan da ake ji da su a lokacin. Likita ce, uwar 'ya'ya maza huɗu, kwana uku kacal take fita aiki a mako.

An haifi Janet Davison a birnin New York a 1925. Tana da shekara 15 ta shiga Jami'ar Shikago. Da ta nemi karatun likita sai aka ce ta dakata, domin gurbin mata uku ne a aji mai ɗalibai 65, kuma an riga an cike su. Ta jira wata tara. Ta kammala a 1948, washegari aka ɗaura aurenta da Donald Rowley, shi ma likita. Shekarun da suka biyo baya ta raba su tsakanin renon yara da duba marasa lafiya a wani asibitin yara masu lalurar ƙwaƙwalwa a Shikago. Tana wannan aiki ne a 1959 labari ya zo daga Faransa cewa yara masu lalurar Down suna ɗauke da kuromozom na 21 guda uku maimakon biyu. Yaran da take gani kullum ke nan, sai ga dalilin halinsu ya fito a ƙarƙashin madubin likita. Daga nan hankalinta ya karkata.

A 1961 mijinta ya tafi Okusfod a Ingila aikin shekara guda, ta bi shi, ta yi amfani da damar ta koyi yadda ake nazarin kuromozom. Da suka dawo ta je wurin wani babban likitan jini na jami'arsu, Leon Jacobson, ta nemi madubi da ɗan wurin zama da albashin da zai isa ta biya mai raino. Ya ba ta. Shi ne ma ya riƙa turo mata samfurin ɓargon marasa lafiyarsa ta duba.

Sai dai kayan aikin wancan zamani makafi ne. Idan an rina kuromozom, duk launi ɗaya suke fitowa, ba a bambance su sai da tsawo da siffa, da yawa kuwa kusan tsawonsu ɗaya. Wajen 1970 Torbjörn Caspersson da abokan aikinsa a Suwidin suka fito da wata hanyar rini mai amfani da sinadarin kwinakirin, wanda tun can an san shi a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro. Da wannan rini kowane kuromozom sai ya fito da nasa ratsin na haske da duhu, kamar yadda masaƙi ke gane zanen saƙi daga jerin ratsinsa ko da an yanko ƙyalle kaɗan. Janet ta sake komawa Okusfod a 1970, ta koyo wannan fasaha ta dawo da ita Shikago.

Yadda take aikin shi ne abin da ya fi kama mini hankali. Za ta ɗauki hoton kuromozom ɗin ƙwaya guda, a wanke hoton, ta kawo gida, ta zauna a teburin cin abinci da almakashi tana yanko su ɗaya bayan ɗaya, tana jera su bibbiyu daga na 1 zuwa na ƙarshe. 'Yan guntayen takarda ne da ko iska kaɗan za ta watsar, har ana ba da labarin cewa takan gargaɗi yaranta kada wanda ya yi atishawa kusa da teburin. Ƙwaya bayan ƙwaya, mara lafiya bayan mara lafiya. Aiki ne da mai gaggawa ba zai iya ba, kuma babu wanda ya yi mata alkawarin za ta sami wani abu a ƙarshensa.

A 1972, tana da shekara 47, ta ga abin. A ƙwayoyin wata mai fama da sankarar ɓargo mai saurin kisa, ta lura cewa kuromozom na 8 da na 21 sun karye sun yi musayar guntaye. Ba a jima ba ta juya kan CML. Ta ga ƙarshen kuromozom na 9 ya yi tsawon da bai kamata ba, kuma ratsin wannan ƙarin daidai yake da na guntun da aka ce ya ɓata daga na 22. Ashe guntun bai je ko'ina ba, maƙwabta ya koma. Ta duba marasa lafiya tara, dukkansu haka.

Ta aika rahoton farko ga wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, New England Journal of Medicine, suka mayar mata da shi, a ganinsu ba shi da muhimmanci. Wata mujallar Faransa ce ta buga shi a 1973. Na biyun, wanda ya shafi CML, ya fito a mujallar Nature a wannan shekarar.

Ƙin karɓar nan yana da tushe a tunanin zamanin. Tun 1914 wani Bajamushe, Theodor Boveri, ya yi hasashen cewa lalacewar kuromozom ce ke haifar da ciwon daji, amma mafi yawan masana sun tafi a kan akasin haka: ciwon ne ke fara kama ƙwaya, sannan ya hargitsa mata kuromozom, hargitsi marar kan gado. Hujjar Janet mai sauƙi ce. Idan hargitsi ne kawai, don me zai riƙa faɗawa wuri ɗaya a jikin mutanen da ba su haɗa komai ba? A 1977 ta kawo misali na uku, musaya tsakanin na 15 da na 17 a wani nau'in da ake kira APL, mai sa zubar jini. Kowane ciwo da tasa musayar, ba ta saɓawa. Bayan wannan musu ya yi wuya. Wasu ma sun gano irin haka a ciwon Burkitt, wanda ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan Afirka masu yawan zazzaɓin sauro: can na 8 ne da na 14. Zuwa 1990 an lissafa irin wannan musaya sama da 70.

Yana da kyau mai karatu ya riƙe wani abu a nan. Wannan musaya ba gadonta ake yi ba, ba a kuma ba wa 'ya'ya. Tana faruwa ne a ƙwaya ɗaya tak cikin ɓargo bayan an haifi mutum, sai wannan ƙwaya ta yi ta hayayyafa.

Abin da ya rage shi ne a san me ke faruwa a daidai wurin karayar. A shekarun 1980 masu bincike suka gano cewa wani tsarin gado mai suna ABL da ke kan na 9 yana haɗuwa da wani mai suna BCR da ke kan na 22. Haɗuwarsu tana samar da wani sinadari da ke umartar fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun garkuwar jiki, su yi ta rabuwa ba tsayawa. Su cika ɓargo, su cika jini, saifa ta kumbura, mutum ya rame. Tunda an san mai laifi, sai neman abin da zai toshe shi. Brian Druker, likita a jihar Oregon, da Nicholas Lydon, masanin haɗa magunguna, suka yi aiki a kan wani magani da daga baya kamfanin Novartis ya fitar da sunan Glivec. A gwajin da aka fara a 1998, cikin mutum 54 da suka sha isasshen adadi, jinin 53 ya daidaita. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2001. Ciwon da a da yake kashe yawancin masu shi cikin 'yan shekaru ya koma wanda ake rayuwa da shi ana haɗiyar ƙwaya kullum. Maganin ya iso Najeriya ta wani shirin tallafi da ake gudanarwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, inda masu CML daga sassan ƙasar suka daɗe suna zuwa karɓa kyauta.

Shi kuwa APL, likitocin Shanghai ƙarƙashin Wang Zhenyi ne suka fara warkar da shi da wani dangin bitamin A a shekarun 1980, kafin a san dalilin da ya sa yake aiki. Da aka bi diddigin karayar da Janet ta nuna a na 17, sai aka tarar ta faɗa ne a kan tsarin gadon da ke karɓar wannan sinadari. Yau mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa idan an gano shi da wuri.

Ita kuwa Janet, sai a 1975, da ƙaramin ɗanta ya tasa, ta fara aiki cikakken mako. Ta zama farfesa a 1977. A farkon shekarun 1990 ɗakin bincikenta yana cikin waɗanda suka gano tsarin gado na MLL a kan kuromozom na 11, mai hannu a sankarar jinin jarirai. Ta sami lambar Lasker a 1998 tare da Nowell da Alfred Knudson, Shugaba Obama ya ba ta babbar lambar girmamawa ta farar hula a 2009, sannan a 2012 ta raba lambar Japan da Druker da Lydon. Tsakanin 2002 da 2009 ta zauna a majalisar ba Shugaba Bush shawara kan ɗa'ar binciken halittu, kuma ba ta ɓoye saɓaninta da gwamnati ba a kan takunkumin binciken ƙwayoyin asali. Har ta haura shekara 80 a kan keke take zuwa ofis. Ciwon daji na ƙwan mahaifa ne ya yi ajalinta a gidanta da ke Shikago ranar 17 ga Disamba, 2013, tana da shekara 88.